Allurar baya, da daren da na kwana ƙirga numfashin Yaya

Shekara uku Yaya tana fama da ƙari a mahaifa. Jini ya yi ta zuba har idonta ya yi fari fat, ciki ya turo kamar na mai wata biyar, har matan layinmu a unguwar Aboabo ta Kumasi suka fara yi mata "Allah ya raba lafiya" a bakin famfo. Sai ta ce amin, ta ɗauki bokitinta. An sha saiwa, an sha rubutu, an je wajen wata mai magani a Tafo. Ranar da likita ya ce sai an cire mahaifar, ko musu ba ta yi ba. 'Ya'yanta huɗu, kuma ta gaji. Rigimar daga wajen surukarta ta taso.

Hajiya ta aiko a kira ni bayan la'asar. Na tarar da ita a kan buzu tana ɓantarar goro. Muka gaisa, ta tambayi Mma da yara, sannan ta ce, "Ke ce mai sa mutane barci a asibiti ko?"

"Ni ce, Hajiya."

"To ki gaya wa abokan aikinki su sa ta barci gaba ɗaya. Ban yarda da allurar bayan nan ba. Duk wadda aka soka wa, ita da ƙugunta sai a lahira. Ba ga 'yar maƙwabtanmu nan ba, tun haihuwar fari take tafiya da hannu a kwankwaso."

Shekarata goma sha ɗaya ina ba da maganin barci da na kashe zafi a ɗakin tiyata a nan Kumasi, kuma babu makon da ba na jin wannan maganar. Tonawa, wato Asantawa, suna faɗinta da Tonanci, Dagombawa da nasu yaren. Gaskiya ne wurin da aka soka yakan yi tsami kwana biyu ko mako guda, kamar kowace allura. Amma ciwon bayan da mace ke shekaru da shi, an sha gwada waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, ba a ga allurar ta ƙara komai ba. Wata tara da ciki, ga goyo, ga sunkuyo a kan turmi da bahon wanki da tukunyar tuwo, duk babu mai ganin laifinsu, sai allurar minti biyu ce za ta ɗauki zunubin kowa. Ban faɗa wa Hajiya haka ba, ni wa? Na dai ce mata zan tsaya a wurin, kuma ni zan kwana da ita. Ta dube ni ta ce, "To, amana."

Na dage a kan allurar bayan ne saboda na san daren farko bayan an buɗe ciki. Na ga mata suna cizon gefen zani, sun riƙe ƙarfen gado, suna jiran nas ta samu sarari ta zo ta yi musu allura a cinya. Mai irin wannan zafin ba ta iya tari, ba ta jan numfashi har ƙasa, ba ta yarda ta motsa. Daga nan majina ta kwanta a ƙirji, jini ya daskare a ƙauri, ciwo ya haifi ciwo. Ban so Yaya ta bi ta nan ba.

Ga yadda nake yi wa majinyata bayani. A cikin ƙashin baya akwai laka, tana iyo a cikin wani ruwa garau wanda ya haɗe da na ƙwaƙwalwa. Duka ruwan a jikin babba bai wuce mililita 150 ba, wato bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Duk saƙon zafi da ya taso daga ciki ko ƙafa, sai ya yada zango a lakar kafin ya wuce sama. Idan kana so ka tare motar goro da ta tashi daga Kumasi za ta arewa, ba sai ka baza sojoji a duk faɗin Gana ba, shinge ɗaya a Kintampo ya isa. Mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, in aka sha shi ta baki ko aka sa a jijiya sai ya zaga jiki kakaf kafin ɗan kaɗan ya isa inda ake nema. Wanda aka ɗiga a cikin ruwan lakar kuwa, a bakin shingen aka ajiye shi. Shi ya sa ƙiyasin da muke aiki da shi yake cewa miligiram 1 a can ya kai kimanin 300 na sha.

Ita lakar kanta ba ma kusantar ta. A jikin babba tana ƙarewa ne a wajen gaɓa ta ɗaya ko ta biyu ta ƙashin ƙugu, mu kuma muna shiga ta ƙasa da nan, tsakanin ta uku da ta huɗu, inda sai zaren jijiyoyi ke lilo a ruwa suna kauce wa allura. Shanyewar ƙafa da ake tsoro abu ne mai wuyar gani ƙwarai, kuma in ta faru yawanci jini ne ya taru ya danne jijiya, ko ƙwayar cuta ta shiga. Saboda haka ne muke ta nacin tambaya ko mutum yana shan maganin tsinka jini, kuma muke wanke baya kamar za mu kankare fata.

Ina son labarin mutumin da ya fara wannan aiki, don yana ba ni dariya duk lokacin da na tuna. Wani likitan fiɗa ne a garin Kil na Jamus, August Bier, a shekarar 1898, kuma da hodar iblis ya yi, don a lokacin ita ce maganin kashe sashen jiki da aka fi sani. Bayan ya gwada a kan majinyata kaɗan, sai shi da mataimakinsa Hildebrandt suka ce bari su gwada a kan junansu. Na Bier bai yi ba, sirinjin bai zauna a bakin allurar ba, ruwan lakarsa ya yi ta tsiyaya. Na mataimakin ya kama. Bier ya ƙwala masa guduma a ƙauri, ya ɗana masa wutar sigari, bawan Allah bai ji komai ba. Suka yi shagali da daddare, washegari ciwon kai ya kwantar da su, shi Bier kwana tara bai iya tashi ba. Wannan ciwon kan har yau yana nan: in ka tashi zaune ya sara, in ka kwanta ya lafa, saboda ruwan ne ke yoyo ta hudar. Allurorin yanzu sirara ne, masu baki kamar tsinin fensir, shi ya sa ya yi ƙaranci. Sa mofin a wurin kuwa sai da aka daɗe. A 1973 aka gano cewa akwai wasu 'yan ƙofofi a jijiyoyi da irin wannan magani ke kamawa, a 1976 Yaksh da Rudy suka nuna a jikin ɓeraye cewa lakar kaɗai ta isa ta kashe zafi, sai 1979 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka ba da rahoton sa wa masu ciwon daji. Yaya ma ta girmi abin.

Ba a yi wa ɗan'uwa aiki, hannu rawa yake yi. Wani abokin aikina ne ya karɓa, ni na tsaya ta wajen kanta. Tun kwana biyu kafin nan muke cike takardu, domin mofin da za a sa a laka dole ya zama tsantsa, wanda ba a gauraya shi da sinadarin hana lalacewa ba, kuma asibitin da aka kwantar da ita ya wayi gari babu irinsa a ma'aji. Da ƙyar aka samo kwalba ɗaya daga wani wurin. 'Yar kwalba ce ta miligiram 10, mu kuma kashi ɗaya cikin ɗari muke so, maikrogiram 100. Nan ne wurin da ake kashe mutum ba da niyya ba. Ya zuƙa, ya sirka da ruwan gishiri, ya sake zuƙa daga sirkin, yana faɗin lissafin da ƙarfi ina maimaitawa, kamar ɗalibai biyu a gaban malamin fara'ila. Sannan ya haɗa shi da bufibaken, wanda shi ne ke kashe ƙasan jiki na sa'o'i biyu zuwa uku a yi aikin.

Yaya ta zauna a bakin gado, ta rungumi matashi. Na ce, "Yaya, sa haɓa a ƙirji, ki turo bayan kamar kina tsince shinkafa." Goshinta yana kan kafaɗata, ina jin tana karanta La haula ƙasa-ƙasa. Ta zabura da sanyin maganin wanki fiye da yadda ta zabura da allurar. Na leƙa ta bayanta na ga ɗigon ya fito a gindin allura, fari tas kamar hawaye, ya tsaya yana rawa. Shekara nawa ina ganin wannan ɗigon, amma ranar sai da na haɗiyi yawu. Ya tura maganin a hankali, muka kwantar da ita.

"Ƙafata ta yi ɗumi," in ji ta. Can kuma, "Wai ina ƙafar tawa? Kun ɗaga ta ne?"

Jininta ya ɗan sauka, zuciyarta ta tashi, aka ƙara gudun ruwa aka ba ta maganin ɗaga shi, ta dawo daidai. Sauran aikin a farke ta yi shi, labule a gabanta, tana jin likitoci suna musun ƙwallon Asante Kotoko da Hearts of Oak a kan buɗaɗɗen cikinta. Har yau ba ta yafe musu wannan ba.

Da magariba ƙafafu suka dawo, zafi bai dawo ba. Aikin mofin ke nan, yakan riƙe mutum sa'o'i 18 zuwa 24. Fentanil, wanda shi ma muke sawa, mai son kitse ne, nan da nan ya shige cikin laka ya kama aiki, cikin sa'o'i kaɗan ya gama ya tafi. Mofin mai son ruwa ne, sai ya zauna a cikin ruwan yana bin sa a hankali. Alherinsa ke nan, kuma haɗarinsa ke nan, domin ruwan yana hawa sama, kuma a can gindin ƙwaƙwalwa ne ake kaɗa gangar numfashi. Mutum zai wuni lafiya lau, sai bayan sa'o'i shida ko goma sha biyu, tsakar dare, lokacin da kowa ya saki jiki, numfashinsa ya fara ja baya. Da ɗan ƙaramin awon da muke sawa yanzu abin ba kasafai yake faruwa ba, amma ƙa'ida ita ce a duba shi kowace sa'a a sa'o'i 12 na farko, sannan duk bayan sa'a biyu har a cika kwana.

A ɗakin matan nan nas biyu ne a daren, gadaje sun fi talatin, na'urar da ake maƙala wa a yatsa guda ɗaya ce tak, tana yawo daga gado zuwa gado kamar butar masallaci. Ba na ganin laifin 'yan matan, gudu suke yi har asuba. Amma babu yadda za a yi su ƙirga numfashin mutum ɗaya kowace sa'a. Na jawo kujerar roba, na aje nalokzon, makarin mofin, a inda hannuna zai kai, na kunna agogon waya.

Ƙirga numfashi aiki ne mai sa gyangyaɗi. Ka zuba wa zani ido, ya ɗaga, ya sauka, ɗaya. Minti cikakke, ba rabi a ninka ba. Ƙarfe goma, sha huɗu. Sha ɗaya, sha huɗu. Wajen sha biyu ta fara murza hanci, ta koma kumatu, ta koma wuya.

"Ke, gadon nan da kuɗin cizo."

"Babu, Yaya. Maganin ne."

"Magani a baya, ƙaiƙayi a hanci? Ki dai duba."

Sai da na haska mata katifa ta yarda. Ƙaiƙayin nan shi ya fi komai yawa a cikin masu wannan allura, kuma daga jijiya yake tasowa, fatar lafiyarta ƙalau. Shi ya sa na hana a ba ta ƙwayar ƙaiƙayin nan mai sa barci. Ba ta cika magance shi ba, sai dai ta ƙara nauyin barcin da nake tsoro. Na jiƙa tsumma da ruwan sanyi ina goga mata. Amai ma yakan zo, fitsari yakan ƙi fita, amma ita da robar fitsari a jikinta, wannan bai dame mu ba.

Ƙarfe uku saura na ƙirga goma. Na sake, goma. Lafiyayyen babba yana yin 12 zuwa 20, in ya sauka ƙasa da goma an fara shiga daji, a takwas kuwa ba a jira. Amma kafin lamba, abin da ake dubawa shi ne ko mutum yana tasuwa. Na taɓa kafaɗarta. Shiru. Na girgiza ta, "Yaya!" Ta buɗe ido ta harare ni.

"Wai ke ba za ki bar mutum ya huta ba? Tun kina yarinya haka kike."

Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na ɗaga mata kan gado, na je na ƙwato na'urar yatsa, ta nuna lafiya. Ƙarfe huɗu ta koma sha biyu.

A gadon da ke kusa da mu akwai wata Batoniya da aka yi wa irin aikin a ranar, ita ba a sa mata mofin a baya ba. Tun sha ɗaya take kiran Awurade, wato Ubangiji da Tonanci, tana nishi ta cikin haƙora. Sau biyu ina zuwa neman nas dominta. Kuma ba zan zargi wanda ya ƙi sa mata ba, don ni ma ina ƙi. Duk ranar da na san majinyaci zai koma ɗakin da babu mai duba shi, fentanil kawai nake sawa, in bar shi da allurar cinya. Abin da ya shiga bayan Yaya, in aka raba kuɗin kwalbar, bai kai kuɗin ƙullin koko da ƙosai ba. Mai zama a kujerar robar nan ne ba mu da shi, ita kuma Yaya ta yi sa'a an haifa mata ɗaya a gida.

Da hantsi ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo. Hajiya ta iso da fulas, ba ta ce uffan ba, ta yaye zani ta mintsini babban yatsan ƙafarta. Yaya ta ce wash. Hajiya ta ce, "Alhamdu lillahi," ta zauna.

Bayan wata bakwai maganar ta sake dawowa gidanmu ta wata ƙofar. Kawu, wanda ya yi shekara arba'in yana fataucin goro, ciwon daji na furostet, 'yar tsokar nan da ke gindin mafitsarar maza, ya bazu masa a ƙashi. Mutumin da ban taɓa jin ya ce wash ba ya koma kuka da dare, har yara suna toshe kunne. Ɗansa da ke Buronkis a Amurka ya kira ni ta WhatsApp, ya ce ya ji akwai wani famfo da ake dasawa, ko nawa ne zai aiko.

Akwai shi kuwa. Wani ɗan gwangwani ne mai faɗin tafin hannu, ana binne shi a ƙarƙashin fatar ciki, siririyar roba ta zagaya ta shiga ruwan laka, yana ɗiga mofin dare da rana. Ana yi wa wanda maganin sha ya kasa riƙewa, ko wanda illarsa ta fi ƙarfinsa, bayan an yi gwaji an ga yana karɓa. Amma dasawar ce mai sauƙi. Duk bayan wata ɗaya zuwa uku sai an soka allura ta fata an sake cika shi, da magani tsantsa, a hannun wanda ya ƙware, don in aka kuskure ramin aka zuba a ƙarƙashin fata, an ba mutum na watanni a lokaci guda. In ya ƙafe ba a cika ba, jiki ya shiga azabar yankewa. Bakin robar kan yi tsiro ya danne laka, batirin kuma bayan 'yan shekaru sai an sake tiyata. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ni da na ga yadda aka sha wuyar kwalba ɗaya, ba zan sa a binne wa Kawu abin da zai dogara da ita duk wata ba."

Na yi wa Kawu misalin shingen Kintampo, sai ya yi 'yar dariya duk da ciwo. Ya ce, "'Yata, ke ba ki yi fatauci ba. Wanda ya san daji ba ya bin shinge." Ya fi ni gaskiya, don ciwon da ya watsu a haƙarƙari da kafaɗa da ƙugu hanyoyinsa da yawa.

Abin da ya taimake shi ba sabo ba ne. An yi masa gashi da na'urar haske mai ƙone daji a Komfo Anokye, asibitin da kowa ke kira Gii, a kan ƙugun da ya fi damunsa, ya samu sauƙi. Sannan aka rubuta masa mofin na ruwa, na sha, duk bayan sa'a huɗu, da maganin sakin ciki don yana ɗaure bayan gida. Irin tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tun 1986 ne, irin wanda Yuganda ta yi nisa a kai har ta ba nas-nas da aka horar izinin rubutawa tun 2004. Amma sai da aka yi yaƙi kafin cokalin farko ya shiga bakinsa. Gidan da ya ga abin da taramol ya yi wa samarin Aboabo da Asawase, yaran da ke haɗiyar mai miligiram 225 alhali 50 da 100 hukuma ta amince da su, suna sandarewa a bakin kwata, ba za ka ce musu ga babban wansa ka ba tsoho su yi maka tafi ba. Matarsa ta ɓoye kwalbar a cikin kwalla. Shi kansa ya ce ba zai gamu da Ubangijinsa a buge ba. Na yi bayani har na gaji: wanda ake auna wa daidai zafinsa, a kan lokaci, ba layi yake yi ba, barci yake samu. Limamin masallacin layinmu ne ya raba gardamar, ya zauna a gefen gadonsa ya ce masa lalura tana halatta abin da aka hana, kuma wannan magani ne, likita ya rubuta.

Kwana biyu da farawa na shiga da safe na tarar an jingina shi da bango, ya yi sallar asuba a zaune, yana faɗa da jikansa a kan wane ne ya taɓa masa rediyo. Ya ce in miƙo masa huhun da ke ƙarƙashin gado. Ya zaɓi fari guda, ya jujjuya shi, ya ce wannan na Hajiya ne, in kai mata, in kuma tambaye ta yaya ƙugun surukarta.

Na kai. Ta karɓa, ta ɓantara, ta ce ƙugun dai da sauƙi, amma jiya ta ga Yaya ta dafa bango da za ta tashi daga wanki.